Daga San'a Zuwa Yerwa: Yadda Saifawan Borno Suka Ƙulla Salsalarsu

In ka zauna a inuwar dalbejiya a unguwar Shehuri cikin Maiduguri, kusa da dattijon da ya dawo daga sallar La'asar, ka gaishe shi ka ce, "Baba, wai daga ina Barebari suka taso?" ba zai tsaya dogon tunani ba. Zai ce maka, "Daga Yaman, ɗana." In ya ga kana da kunnen saurare, sai ya gyara zaman hularsa ya ƙara da cewa kakan sarakunan farko sunansa Saifu ɗan Zi Yazan, kuma daga sunansa aka samo Saifawa, gidan da ya riƙe Kanem da Borno ɗaruruwan shekaru kafin gidan Shehu Laminu ya karɓa. Kunne ya girmi kaka. Maganar da dattijon ya faɗa tana yawo a bakin mutanen tafkin Chadi shekara fiye da 700, kuma ta cancanci a bi sawunta a ga inda ta samo asali da aikin da ta yi wa masu ita.

Wane ne Saifu?

Saifu ɗan Zi Yazan mutum ne da ya rayu a ƙarni na 6, ɗan babban gida daga ƙabilar Himyar ta Yaman. A zamaninsa ƙasarsa tana hannun baƙi. Wajen shekarar 525 sarkin Habasha, Kaleb, ya haye Bahar Maliya ya kawar da Zu Nuwas, sarkin da ya ƙona Kiristocin Najran, wanda malaman tafsiri da yawa ke danganta shi da ƙissar Ashabul Ukhdud. Daga baya Abrahata ya ƙwace mulkin Yaman, shi ne wanda ya tasam ma Ka'aba da giwa. Bayan mutuwarsa 'ya'yansa suka gaje shi, Yamanawa kuwa suka gaji da zama ƙarƙashinsu.

Littattafan tarihi na Larabci, irin su Sirar Ibn Hisham da Tarihin Ɗabari, sun ba da labarin yadda Saifu ya fita neman taimako. Ya fara zuwa wajen sarkin Rum bai samu biyan bukata ba, sai ya nufi fadar Kisra, sarkin Farisa. Kisra bai so ya yi asarar zaratan mayaƙansa a ƙasa mai nisa ba, don haka aka fito da fursunoni 800 daga kurkuku, aka ɗora musu wani tsohon maharbi mai suna Wahriz, aka zuba su a jiragen ruwa 8. Biyu suka nutse a hanya. Waɗanda suka tsira suka haɗu da mutanen Saifu, aka gwabza, kibiyar Wahriz ta kashe Masruƙ ɗan Abrahata. Wannan ya faru ne tsakanin 570 da 575, wato a shekarun ƙuruciyar Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam. Saifu ya hau mulki a San'a, amma bai daɗe ba wasu Habashawa da ya riƙe a cikin masu tsaron lafiyarsa suka soke shi ya mutu. A Yaman ya rayu, a Yaman ya cika. Waɗannan littattafai ba su kai shi yammacin kogin Nilu ba, balle tafkin Chadi.

Akwai wata riwaya da ta ƙara masa daraja a idon Musulmi. An ce da ya ci nasara, wakilan ƙabilun Larabawa sun je taya shi murna a fadar Gumdan, cikinsu har da Abdulmuɗɗalibi, sai Saifu ya keɓe da shi ya yi masa bushara da annabin da zai fito daga gidansa. Ka ga ke nan mutum ne da ya rayu kafin Musulunci amma ya yi maraba da shi tun bai iso ba. Gidan sarautar da ke son ya nuna daɗewarsa ba tare da ƙurar maguzanci ta taɓa shi ba, da wuya ya samu kakan da ya fi wannan dacewa.

Kanem kafin kalmar shahada

Su kuwa sarakunan Kanem na farko, marubutan Larabawa sun san da su tun ƙarni na 9. Yaƙubi ya ambaci Kanem, ya ce Zagawa ke mulkinta. A ƙarshen ƙarni na 10 Muhallabi ya bayyana yadda mutanen ƙasar suka ɗauki sarkinsu, kuma Yaƙut ya adana bayanin nasa. Talakawa sun yarda cewa sarki ba ya cin abinci. A ɓoye ake shigar masa da shi, kuma duk wanda ƙaddara ta haɗa da raƙumin da ke ɗauke da abincin, a nan take ake kashe shi. Sun yi imani a hannun sarki rai da mutuwa suke, da cuta da lafiya. Sarkin da kansa shi ne abin bauta.

Girgam, wato jerin sunayen sarakuna da maroƙan fada da malamai suka riƙa adanawa, ya kira waɗannan sarakunan farko Duguwa, zuri'ar Dugu. A wajen 1075 zuwa 1085 mulki ya koma hannun Mai Hume, wanda ake kira Umme Jilmi, kuma daga kansa Musulunci ya zauna daram a fada. Wata tsohuwar takardar mahram, irin wadda sarki ke ba malami don keɓe gidansa daga haraji da aikin yaƙi, ta ambaci Malam Muhammadu ɗan Mani a matsayin wanda ya karantar da sarakunan wannan zamani. Hume ya rasu a ƙasar Masar, ɗansa Dunama kuma ya yi aikin hajji sau biyu, ya nutse a Bahar Maliya a tafiya ta uku.

Nan fa aka shiga wani hali. Sarkin da ke fuskantar alƙibla ba zai yarda a ce kakansa abin bauta ne ba. Amma kwarjinin da talakawa ke gani a jikinsa daga waɗancan kakanni ya taso, in ya yar da su ya yar da tsanin da ya hau. Mafitar da fada ta samu ita ce a bar kakannin a inda suke, a ɗora musu wani kaka a bisa kai. Sai girgam ya fara da Saifu, ya bi da ɗansa Ibrahim, sannan Dugu ya zo na uku. Sarkin da a da ake jin tsoron ganin abincinsa ya zama jikan Balarabe mai daraja.

A daidai wannan zamani, can arewacin duniya

Mutanen tafkin Chadi ba su kaɗai suka bi wannan hanya ba. A shekarun da Mai Dunama Dabbalemi, wani Dunaman daban, ke mulkin Kanem, farkon ƙarni na 13, akwai wani attajiri masanin waƙa a tsibirin Ayislan mai ƙanƙara, sunansa Snorri Sturluson, wanda ya rayu daga 1179 zuwa 1241. Mutanensa sun karɓi Kiristanci tun wajen shekara ta 1000, amma tsoffin waƙoƙinsu cike suke da sunayen allolin da kakanninsu suka bauta wa, irin su Odin da Tor da Freyr, kuma gidajen sarautar Norwe da Suwidin da Denmak daga waɗannan alloli suke ƙirga asalinsu.

A gabatarwar littafinsa Edda, wajen 1220, an bayyana cewa waɗannan ba alloli ba ne, mutane ne masu hikima da sihiri da suka taso daga birnin Taroy a nahiyar Asiya. Odin shugabansu ne, ya yi ƙaura zuwa arewa yana naɗa 'ya'yansa sarauta a ƙasashen da ya ratsa, mutane kuma saboda jahilci suka mai da shi abin bauta. A wani littafin nasa na tarihin sarakunan Norwe, Snorri ya jero zuri'ar Yngling tun daga Freyr har zuwa sarakunan da tarihi ya tabbatar da su. Ya ce da Freyr ya mutu, fadawansa sun ɓoye gawarsa cikin wani tudu har shekara uku suna cewa yana raye, ana ta zuba haraji ta ƙofofin tudun, damina kuma tana kyau. Wanda ya san labarin sarkin Kanem da ba ya cin abinci zai gane wannan fada da ganin farko.

Turawan Ingila sun riga Snorri. Malaminsu Bede, a 731, ya rubuta cewa Hengist da Horsa, jagororin da suka shigo tsibirin a ƙarni na 5, jikokin Woden ne, wato Odin ɗin dai, wanda daga sunansa aka samo sunan ranar Laraba a Turanci. Da Kiristanci ya kafu, kundin tarihinsu a ƙarƙashin shekarar 855 ya ja salsalar sarki Athelwulf ta ratsa Woden ta wuce har Annabi Nuhu da Annabi Adamu. A Borno ma akwai malaman da ke fassara sunan ƙasar da Barru Nuhu, ƙasar Nuhu. Mutanen nan ba su taɓa jin labarin juna ba, amma matsalarsu ɗaya: sabon addini ya zo da littafi da taswirar duniya, kowane gidan sarauta yana neman gurbinsa a ciki. Turawan arewa suka sauko da allansu suka mai da shi sarki mai ƙaura daga gabas. Saifawa suka ɗauko sarki daga gabas suka aza shi bisa kakannin da aka bauta wa.

Mune, da wasiƙar da aka kai Alƙahira

Dunama Dabbalemi, wanda ya yi mulki kusan 1210 zuwa 1248, shi ne ya kai Kanem ƙololuwa. Ikonsa ya kai Fezzan, a zamaninsa aka kafa masaukin ɗaliban Kanem a Alƙahira da aka sani da Madrasar Ibn Rashiƙ. A wannan ƙarnin ne kuma muka fara ganin sunan Saifu a rubuce game da Kanem, a littafin Ibn Sa'id, wanda ya ce sarkin Kanem da ke zaune a birnin Njimi daga zuriyarsa yake. Ba abin mamaki ba ne labarin ya yi ƙarfi a lokacin da alhazai da ɗalibai da fatake ke kai da komo tsakanin Kanem da Masar.

Shi wannan Dunama ne ya buɗe Mune, wani abu naɗaɗɗe da sarakuna suka gada, wanda ba a yarda kowa ya ga cikinsa ba. Girgam ya ambaci buɗewar, daga baya kuma aka riƙa ɗora mata alhakin fitinun da suka biyo. Abin lura shi ne yadda Imam Ahmadu ɗan Furtuwa, limamin Mai Idris Alauma, ya yi maganar Mune a rubutunsa na wajen 1578. Bai kira shi gunki ba. Ya kwatanta shi da akwatin Bani Isra'ila mai ɗauke da sakina wanda Alƙur'ani ya ambata a ƙissar Ɗalutu, ya nuna buɗe shi kuskure ne. Yadda aka musuluntar da kaka, haka aka musuluntar da kayan gado. Kanawa sun san irin wannan a Dirki, wanda aka ce Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu, aka kuma danganta faɗuwar Sarki Alwali da buɗe shi.

Amfanin salsalar ya fi fitowa fili a ranar wahala. A wajen 1380 'yan ƙabilar Bulala suka matsa wa Saifawa har Mai Umar ɗan Idris ya bar Kanem ya koma yammacin tafki. Ana cikin wannan rauni, Larabawan Juzam suka riƙa kai hari suna kama mutanen Borno, Musulmi 'yantattu, suna sayar wa fataken Masar da Sham. A shekarar 794 ta Hijira, daidai da 1391 zuwa 1392, Mai Usman ɗan Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa yana neman a binciki kasuwannin bayi a mayar masa da mutanensa. Cikin hujjojinsa ya ce su zuriyar Saifu ɗan Zi Yazan ne, Balarabe Baƙuraishe. Ƙalƙashandi, magatakardan fadar Masar da ya kwafe wasiƙar a littafinsa Subhul A'sha, ya yi gyara a kai, ya ce Saifu Bahimyare ne, ba ya cikin Ƙuraishawa.

Ta fuskar ilimin nasaba, gyaran magatakardan daidai ne. Amma wanda ya rubuto wasiƙar sarki ne da aka kashe masa ɗan'uwa, aka kwashe masa talakawa, a duniyar da baƙar fata ke isa a sa wa mutum igiya a wuya ko da yana kiran sallah. Ya ɗaga sunan Saifu ne kamar garkuwa a kan jama'arsa. Duk lokacin da na tuna wannan wasiƙa, nakan ji nauyin abin da salsala take ɗauke da shi a wancan zamani.

Abin da takardar kanta ta nuna

Saifawa sun farfaɗo. Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarshen ƙarni na 15, Idris Alauma ya shigo da bindigogi da kotunan alƙalai a ƙarni na 16, sarautun fadarsu irin su Galadima da Ciroma da Yarima suka bazu har ƙasar Hausa. Labarin Bayajida ma ta Borno ya biyo da shi daga Bagadaza kafin ya kai rijiyar Kusugu a Daura. Amma tsohuwar ɗabi'ar ɓoye sarki ba ta gushe ba. Ibn Baɗuɗa, da ya sauka Takedda a 1353, ya ji labarin sarkin Borno ba ya bayyana ga jama'a sai ta bayan labule. Shekara 470 bayan haka, a 1823, Baturen Ingila Denham ya ga Mai Ibrahim yana karɓar gaisuwa daga cikin wani keji, fadawa suna zaune nesa sun ba shi baya.

A lokacin ikon gaskiya ya riga ya koma hannun Shehu Muhammadu Aminu Elkanemi, wato Shehu Laminu, malamin da ya ceci Borno bayan mayaƙan jihadi sun ci Gazargamu a 1808, ya kafa Kukawa a 1814. A 1846 Mai Ibrahim ya haɗa kai da Wadai don ƙwato ikonsa, Shehu Umar, magajin Elkanemi, ya sa aka kashe shi, Ali ɗan Mai Ibrahim kuma ya faɗi a fagen fama. Nan gidan Saifawa ya ƙare. Shekara biyar bayan haka, a 1851, Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya samu kwafin Diwanin sarakunan Borno a Kukawa. 'Yan shafuka ne kawai, ɗauke da sarakuna sama da 60, kusan kowanne da sunan uwarsa, da shekarun mulkinsa, da inda ya rasu.

Wanda ya karanta Diwanin da natsuwa zai ga inda aka yi ɗinkin. Tsakanin Saifu da Hume akwai kusan shekara 500, sunayen da ake da su kuwa ba su wuce goma sha ɗaya ba. Don zaren ya kai, sai aka ba wasu daga cikin na farko mulkin shekara fiye da 200. Daga Hume zuwa gaba lissafin ya daidaita, har masana na iya gwada shi da abin da marubutan Masar da Magrib suka rubuta su ga ya yi kusa. Ta sama kuma, an ja salsalar Saifu ta bi ta Annabi Isma'ila da Annabi Ibrahim har Annabi Adamu, kamar yadda malaman Ingila suka yi wa nasu sarkin.

Sai dai akwai layin da ba a taɓa ba, layin uwaye. Iyaye maza sun tafi Yaman, amma iyaye mata suna nan gida: 'yan Kayi, da Tubu, da Tomagra, ƙabilun sahara da gaɓar tafki. Da sunan uwa ake kiran sarki, shi ya sa ake cewa Dabbalemi, wato ɗan Dabale, kuma Magira, uwar sarki, tana da ƙarfin faɗa a ji a fada. Ta wannan layi ake ganin yadda gidan sarauta ya ƙulla ƙabilu da aure har suka narke suka zama Kanuri, wato Barebari. Masana irin su Abdullahi Smith, wanda ya yi nazari na musamman kan almarar Saifawa, da Dierk Lange, wanda ya buga Diwanin da sharhi a 1977, da Muhammad Nur Alkali na Jami'ar Maiduguri, sun buɗe mana hanyar karanta waɗannan shafuka da idon basira, ko da yake ba su haɗu a kan kowace magana ba.

Don haka ban ga dalilin da zai sa ɗalibin tarihi ya gyatsine wa dattijon Shehuri ba, ban kuma ga dalilin da zai sa ya rubuta amsarsa a matsayin takardar haihuwa ba. Kalmar Yaman a bakin Babarbare shaida ce ta ranar da fadar Kanem ta juya fuskarta gabas, ta zaɓi zama cikin al'ummar Musulmi ba tare da ta binne kakanninta ba. Girgam ya riƙe mana duka biyun, kakan da aka zaɓa da uwayen da suka haifa, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yerwa kanta, wato Maiduguri, sabon gari ne, a 1907 aka kafa ta, bayan mayaƙi Rabe ya rushe Kukawa a 1893. Amma ba ta yi nisa da Saifawa ba. Tafkin Alau da ke kudu da gari, a nan riwaya ta ce aka binne Mai Idris, shi ya sa ake ce masa Alauma. Madatsar wannan tafki ce ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye unguwanni, ya shiga har fadar Shehu. A gidajen malamai da na tsoffin masu sarauta akwai gafakoki cike da mahram da girgam da wasiƙu da rubutun Barnawi, waɗanda suka tsira daga Rabe, suka tsira daga shekarun Boko Haram, amma tawada ba ta jure ruwa. Kwafin da Barth ya ɗauka yana ajiye a Turai cikin aminci. Na hannunmu su ne ke cikin haɗari. Wanda duk Allah ya sa irin wannan gafaka ta faɗo hannunsa, ya nemi masu ilimin abin a ɗauki hoton kowane shafi, ya kuma zaunar da jikokinsa ya karanta musu sunayen tun daga Saifu, kada ya tsallake sunan uwa ko ɗaya.